Dashen haƙori a Katsina: wata tara da shi a bakina

Turmina na ƙasa ta hagu aka cire shekara uku da suka wuce bayan ya ruɓe, kuma tun lokacin da gefe ɗaya nake tauna. Haƙorin roba na gwada, bai zauna mini ba. Shi ya sa da na ji ana dashen haƙori a wani asibiti mai zaman kansa nan wajen Ƙofar Ƙaura, na rufe shago na tafi.

Wurin tsaf yake, ba zan rage musu ba. A gabana aka buɗe kayan aiki daga cikin leda. Likitan yaro ne mai ladabi, Baba yake ce mini. Ya ɗauki hoton ƙashi, ya nuna mini cewa ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam za a ɗaura cikin muƙamuƙi, a jira wata uku zuwa shida ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙorin a kai. Aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma da allurar kashe zafi ban ji komai ba sai gurnanin inji.

Inda nake da ƙorafi shi ne maganar haɗari. Takarda aka miƙo mini da Turanci, aka ce sa hannu nan. Ina da ciwon suga, na kuma faɗa musu. Sun gwada na ranar kawai, ya yi kyau, aka wuce. Sai daga baya na san akwai gwajin da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, kuma shi ya kamata a duba, don suga idan ya yi yawa ciwo ba ya warkewa da wuri, ƙwayoyin cuta kuma suna samun gindin zama.

Washegari leɓena na ƙasa da haɓata suka mutu, kamar ba nawa ba. In na sha koko sai ya zubo ban sani ba. Akwai jijiya da ke ratsa cikin muƙamuƙin ƙasa, ƙusar ta matso kusa da ita. Sati biyar na yi a haka ina tsoro, domin wani nasa ba ya dawowa har abada. Alhamdulillahi nawa ya saki. Da an gaya mini tun farko, da ban kwana ina tunanin shanyewar ɓarin jiki ba.

A wata na biyu dasashin wurin ya kumbura, yana jini in na goge, har da ɗan mugunya da wari. A nan ne na yaba musu: na kira da dare likitan ya ɗauka, ya ce, "Baba, gobe da safe ka zo, kada ka sha komai a kemis." Ya wanke wurin, ya ba ni magani, bai karɓi ko sisi ba. Ya ce irin wannan kumburin in aka bar shi, ƙashin da ke riƙe da ƙusar yake ci har ta fara girgiɗi ta faɗi. Ya hana ni fasa ƙashi da ɓare rake da haƙori, ya koya mini sakace da zare.

Yanzu ina cin tsire da gefen hagu lafiya lau, amma kuɗin ya kai na babur. Ƙanena yana shan taba, na ce masa kada ya yi dashen sai ya daina, don taba na iya hana ƙashi kamawa. Ni ma akwai giɓi na biyu a sama da likitan ya ce a cike. Na ce a dakata, saboda na sama suna kusa da kogon da ke gefen hanci, ƙusa na iya huda shi. Dole sai ya zauna ya yi mini bayani da Hausa, na kuma kawo sakamakon sugana na wata uku, kafin in sake kwanciya a kujerar nan.