Katunan Wills na 1936: kaya masu kyau, ɗauri na banza

Wata uku ina tara kuɗi don wannan jerin katunan kawunan jirgin ƙasa guda 50 da kamfanin Wills na Biristol ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari a 1936. Ni ba na shan taba. Mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin reluwe a Zariya, a bakinsa na koyi son jirgin kwal.

Ranar da saƙon ya iso daga Ingila, a tsakiyar Agusta, ko takalmi ban cire ba na farke ambulan. Katin Silver Link ne a sama, kan jirgin nan mai launin azurfa da ya yi gudun mil 112 a awa a 1935. Launinsa bai dushe ba ko kaɗan. Har na kira ƙanena na ce ya zo ya ga abin da Baba yake ba mu labarin irinsa.

Da na zo ɗaga na biyu sai na ji ya ƙi. Wallahi gabana ya faɗi. Duk mai tara katunan nan ya san bayansu akwai gam, don an yi su ne a jiƙa a manna cikin ɗan littafin da masu shagon taba ke sayarwa kobo ɗaya. To ta yaya mai sayarwa zai jera su a kan juna, ya ɗaure da roba, ba leda, ba takarda a tsakani, ya aiko ƙasar da ake tsakiyar damina? Laima ta shiga, goma sha ɗaya sun manne kamar ƙuli-ƙuli. Na kwana biyu ina bin su da tururin buta a hankali. Takwas sun rabu lafiya, uku kuwa rubutun bayansu ya ɗaye, kuma wannan rubutun ne ke faɗin nauyin jirgi da layin da yake bi.

Gaskiya mutumin ya ba da haƙuri, ya mayar min da wani abu, kuma katunan na asali ne, ba sabon bugu ba. Har na yi niyyar yafe masa. Amma jiya na sake duba ukun nan raina ya ɓaci sabo. An daina buga irinsu tun da Yaƙin Duniya na Biyu ya kawo ƙarancin takarda a 1940. Sun shekara kusan 90 lafiya, sai a hannunsa suka lalace. Tauraro biyu na ba shi.