Hancin Baba ya daina jin ƙanshi: Parkinson ce ko Alzheimer?

Hajiya ta ce mahaifinta, mai shekara 70 da 'yan kai, miya ta ƙone a gabansa bai ji ƙauri ba, har turarensa na Juma'a yana zargin an sauya masa shi. Wasu sun ce mata alamar Parkinson ce, cutar karkarwa, wasu sun ce Alzheimer, cutar mantuwa, shi ne take son a bambance mata. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, Hajiya. Duka biyun suna taɓa hanci, amma kowacce da ƙofar da take shiga.

Abin da ya haɗa su shi ne furotin. Kowane furotin a jiki yana da naɗin da ya dace da aikinsa, kamar rawani. In naɗin ya karkace sai ya manne da 'yan uwansa, su yi gudaji irin na tuwon da bai tuƙu ba. Mafi muni, wanda ya karkace yana karkatar da na kusa da shi, wake ɗaya ke nan mai ɓata gari, kuma da haka ake ganin ɓarnar tana bin jijiya daga wannan yanki zuwa wancan.

A Parkinson, cutar da ta kama Muhammad Ali, furotin ɗin shi ne alfa-sinukilin. Friedrich Lewy ya ga gudajinsa tun 1912, amma sai a 1997 Maria Grazia Spillantini da abokan aikinta suka nuna daga abin da aka yi su. A 2003 Heiko Braak, masanin tsarin ƙwaƙwalwa a Jamus, ya duba ƙwaƙwalen mamata masu yawa ya jera yaɗuwar gudajin mataki 6. A mataki na farko wuri biyu ya same su: a dunƙulen jijiyar ƙanshi da ke kwance bisa rufin hanci, da kuma gindin ƙwaƙwalwa, inda jijiyar da ke sauka zuwa hanji take fitowa. Yankin da ke sarrafa sinadarin dofamin, wanda lalacewarsa ke kawo karkarwa da sandarewar jiki, sai a mataki na uku ake isa gare shi. Shi ya sa mutum kan yi shekaru da toshewar ƙanshi da taurin bayan gida kafin hannunsa ya fara rawa. Braak har ya kawo zaton cewa ta hanci da hanji cutar take shiga. Ana gardama kan wannan har yau, kuma akwai marasa lafiyar da ba su bi jerin nasa ba, sai dai maganar hanci ta tsaya da ƙafarta: wajen kashi 90 cikin 100 na masu Parkinson suna da raunin jin ƙanshi in aka gwada su, ko da su ba su lura ba.

Alzheimer kuwa furotin biyu ne da ita. Amiloyid yana taruwa a waje, tsakanin ƙwayoyin jijiya, tau kuma yana cukurkuɗewa a cikinsu, abin da Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Braak ɗin dai, tare da matarsa Eva, su suka nuna a 1991 cewa tau yakan fara ne a mashigar rumbun tunawa na ƙwaƙwalwa. Saƙon ƙanshi kuwa, saɓanin na ido da kunne, ba ya biyawa ta babbar tashar rarraba saƙonni, kai tsaye yake zuwa wannan unguwar. Wannan ne dalilin da ƙanshin turaren wuta ɗaya zai mayar da ke ɗakin kakarki nan take. To in tau ya tare ƙofar, hanci ya karɓi saƙo amma babu mai karanta shi. Binciken da aka yi kan tsofaffi a Chicago, wanda ya fito a 2007, ya nuna cewa waɗanda suka fi kasa gane ƙanshi a rayuwarsu su aka fi samu da cukurkuɗaɗɗen tau a wannan yankin bayan rasuwarsu. Amiloyid bai nuna irin wannan alaƙar ba.

Ga yadda bambancin yake a zaune. Ki miƙa wa mai Parkinson kanumfari, sau da yawa zai ce bai ji komai ba. Ki miƙa wa wanda Alzheimer ta fara kamawa, zai iya cewa "na ji wani abu, na san shi," ya yi ta lalube sunan ya ƙi zuwa. Na farko raunin yakan zo da wuri kuma da ƙarfi, daga nan ba ya bin tsananin cutar sosai, maganin levodopa da ke sassauta karkarwa ma ba ya dawo da shi. Na biyu yana tafiya tare da mantuwa, in ta ƙaru ya ƙaru, daga baya jin ƙanshin kansa ma ya dushe. Kada dai ki ɗauki wannan a matsayin iyakar da ta raba su sarai, domin a asibiti sukan shiga juna.

Ni abin da ya fi gamsar da ni cewa wurin da furotin ya taru ya fi sunansa muhimmanci shi ne wata cuta da likitoci ke kira PSP, mai sa yawan faɗuwa da kasa sauke ido ƙasa. Tau ne ke kawo ta, kamar Alzheimer, kuma a ido tana kama da Parkinson, amma masu ita yawanci ƙanshinsu lafiya lau, saboda gudajinta ba ta hanyar hanci suka bi ba. Haka ma rawar hannun nan ta gado da ake gani a wasu gidaje. Shi ya sa likitan jijiya kan gwada hanci don raba waɗannan da Parkinson ta ainihi.

Wajen gwaji, a nan Parkinson ta fi ɗaure da hanci. A 2023 aka buga sakamakon wani babban bincike da gidauniyar Michael J. Fox, ɗan wasan fim mai fama da Parkinson, ke ɗaukar nauyi, inda aka nemi gurɓataccen alfa-sinukilin a ruwan laka na mutum 1,123. Gwajin ya kama kusan kashi 88 cikin 100 na masu cutar, amma a cikin waɗanda ba gadonta suka yi ba kuma ƙanshinsu ya tafi, ya kai kusan 99. A Alzheimer hanci ɗan rakiya ne kawai, hankali ya fi komawa ga jini, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko a 2025. In kin taɓa cin karo da labarin gwajin markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wai kafar hancin hagu ta mai Alzheimer ta fi rauni, daga Jami'ar Florida ya fito a 2013, kuma da aka maimaita shi a Jami'ar Pennsylvania a 2014 bai tabbata ba. Ki bar gyaɗarki ta yi ƙuli-ƙuli. Shi kansa sanannen gwajin da masanin jin ƙanshi Richard Doty ya fitar a 1984, mai ƙanshi 40 da ake kankarewa a takarda a shaƙa, akwai abubuwa irin su fiza da wasu lemukan Amurka a ciki. Dattijon da ya tashi da daddawa da citta zai iya faɗuwa a kansu da lafiyayyen hancinsa.

Yanzu batun Baba. Shi Doty ɗin ya nuna cewa fiye da rabin masu shekara 65 zuwa 80 jin ƙanshinsu ya yi rauni sosai, bayan 80 kuwa ya haura kashi uku cikin huɗu. Tsufa kaɗai ya isa, balle a haɗa da doguwar mura, tsiron cikin hanci, buguwar kai, taba, ko korona, wadda ta fi taɓa ƙwayoyin da ke tallafe da jijiyar ƙanshi, shi ya sa yawancin mutane suka warke. A wani bincike a Hawaii kan maza tsofaffi sama da 2,000, wanda ya fito a 2008, waɗanda suka fi raunin ƙanshi sun ninka masu lafiyayyen hanci wajen sau 5 a haɗarin kamuwa da Parkinson cikin shekara 4, amma duk taron mutum 35 ne suka kamu.

Ki fara kai shi wajen likitan hanci, kunne da maƙogwaro. Kafin nan ki lura: yana dukan iska ko ihu cikin mafarki? Bayan gida ya yi tauri, rubutunsa ya ƙanƙance, hannu ɗaya ya daina lilo in yana tafiya? Wannan ɓangaren Parkinson ne. Yana maimaita tambaya ɗaya, yana ɓata a hanyar masallacin da ya saba, lissafin kuɗi ya fara gagararsa? Wannan ya karkata ga Alzheimer. In kin ga ɗaya daga ciki, ki nemi a tura ku wajen likitan jijiya da ƙwaƙwalwa. Daga yau kuma kada a bar Baba shi kaɗai da tukunyar gas, kuma wani ya riƙa shinshina masa abincin da ya kwana kafin a ɗumama.