Shokazoba na gas a Hilux: na gaba sun biya kuɗinsu, na baya sun ƙona mini rai

Duk mai Hilux ƙirar Vigo da ke bin hanyar Goronyo ya san yadda motar nan take komawa idan shokazoba ya mutu. Tawa ta 2012 ce. Kafin in sauya, ko tudun rage gudu na cikin gari na taka sai gabanta ya yi ta lilo, in na taka birki kuma hancinta ya duƙa ƙasa. Tayoyin gaba sun fara cinyewa, wuri ya lotsa wuri ya tashi, bakanikena ya ce alamar taya ce mai tsalle a kan kwalta maimakon ta kwanta.

Shi ya ce in sayi na gas. Dalilinsa shi ne na mai zalla, idan ya sha gargada a zafin Afrilu da Mayu da muke haura digiri 40 a Sakkwato, man cikinsa yakan yi kumfa, sai ya saki. Na gas kuwa akwai iskar naitirojin da aka matse a ciki, ita ke hana kumfar. Na sayi na kamfanin KYB guda biyu na gaba wajen wani mai shago da muka daɗe muna ciniki. Na baya ya ce na kamfanin sun ƙare, amma yana da wasu sababbi a kwali, su ma na gas ne, bambancin suna ne kawai. Na haɗa duka na biya.

Na gaban nan, wallahi ban zaci haka ba. Tun daga bakin gareji na ji sitiyari ya yi nauyi a hannuna irin na sabuwar mota. Ka faɗa rami ta yi dum sau ɗaya ta tsaya, babu lilo. A kwana ba ta jirkicewa. Na dawo gida ina ta yabo, har na ce wa maƙwabcina mai irin motar ya je ya sayi duka huɗu a shagon.

Sai ranar da na ɗauko albasa daga Goronyo. Lodi ne irin wanda na saba, ban ƙara mata ko buhu ɗaya ba. Tun kafin Achida na ji bayan motar ya fara tashi yana faɗuwa, kowane rami sai ta yi tsalle ta sake yi, ɓangaren hagu yana jan ta gefe. Igiyar da muka ɗaure lodin ta yi sako-sako, buhu ɗaya ya zame ya fashe a titi, albasa ta watse. Ga la'asar ta yi, kuma kowa ya san wannan hanya ba wadda mutum yake son yamma ta riske shi a tsaye ba ce. Ni da yaron mota muna tsintar albasa, manyan motoci na yi mana hon, zuciyata na tafasa.

Da muka lallaɓa Achida, wani dattijon bakanike na bakin hanya ya shiga ƙarƙashinta. Ya dafa na dama, da ɗumi. Ya dafa na hagu, sanyi ƙalau, ga mai ya jiƙa jikinsa ƙura ta manne. Shok mai aiki yakan yi zafi bayan tafiya, wanda ya yi sanyi ya daina komai. Ya kankare fentin da sukundireba, sai ga tsohon baƙin fenti a ƙasa, ga kuma ɗan tabon walda kamar ƙwayar wake inda aka huda aka ɗura mai aka toshe. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, wanga ba sabo ba na. Tsoho na aka yi ma wanka." Da ya kwance shi ya danna da hannu, sai ya shige ya zauna. Na gas na gaskiya, in ka danna ka saki, da kansa yake miƙewa.

Washegari na kai wa mai shagon. Abin da ya fi yi mini ciwo ba kuɗin ba ne, amsar ce: wai lodi na yi mata fiye da ƙima. Shok ba shi ke ɗaukar kaya ba, sifirin baya ke ɗauka, aikin shok kawai ya kashe tsallen. Kuma lodi ba ya yi wa ƙarfe tabon walda. Na nuna masa tabon, ya ce shi ma haka aka kawo masa a kwali. Mutumin da ko gaisuwar rasuwa muna zuwa wa juna!

Don haka yabon da na fara sai na rage shi. KYB ɗin gaba har yanzu lafiya lau, ba yoyo ba ƙara, kuma zan sake sayensu gobe. Amma na koma na hana maƙwabcina zuwa shagon. Na baya na samo na kamfanin a wani wuri, kuma sai da aka danna kowanne a gabana ya miƙe kafin a ɗaura. Da lodi yanzu motar tana tafiya a natse. In babu kaya bayanta yana ɗan bugu a gargada, wannan kuwa halin sifirin Hilux ne, shok ba ya sauya shi. Mai shagon ya ce zai mayar mini da rabin kuɗin in ya yi magana da wanda ya kawo masa. Har yau ko sisi bai fito ba, ga asarar buhun albasa.