Gargaɗi ga masu tsofaffin kat-kat (motoci 4x4): ana yawo da jabun mai a Damagaram

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi, iyayen gida masu mota da makanikai. Don Allah ku isar wa duk mai bin hanyar Tanut, Agadas ko Gure.

Akwai wani mutum da ke tallar baƙin mai da man giya a WhatsApp, wani lokaci kuma yana zagaya garajoji da kaya a bayan babur. Cewa yake kayan daga arewa suka shigo, shi ya sa yake bayarwa a rabin kuɗi. Ƙarya ce. Tsohon man da aka juye yake saye a garajoji, ya bar shi ya kwanta, ya tace, ya ɗura a jarkokin kamfani da yara ke tsinto masa, ya manne murfin da gam.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda yake rantsuwa cewa mai ɗaya ya isa inji da giya da aksil. Duk wanda ya san mota ya san ba haka ba ne. Land Cruiser mai injin 1HZ, mai shan gazuwal, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, baƙin mai na dizil mai lamba 15W-40 ne abokin tafiyarta. Akwatin giya kuma nasa daban, galibi 75W-90 ko 80W-90, kuma tsofaffin motoci da yawa sun fi son ajin man giya GL-4 a kan GL-5, domin sinadarin da ke cikin GL-5 kan iya cin zobban tagullar da ke sa giya ta shiga lafiya. Aksil ne ke son GL-5. Kai, akwai ma tsohuwar Land Rover mai akwatin giya LT77 da man ATF, wato man giyar otomatik, ja mai ruwa-ruwa, ake zuba mata. To ta yaya jarka ɗaya za ta yi duk wannan? Littafin motarka ne alƙali.

Shi jabun man giya ba ya nuna kansa ranar da aka zuba. Sai an ɗora kaya, an shiga rairayi, giya ta yi zafi, sannan ta fara kuka, lamba biyu ta ƙi shiga. Tsakanin nan da Agadas kusan kilomita 450 ne, kuma ba kai kaɗai ne a motar ba. Akwai mata da yara, ga ruwa ƙididdigagge.

Kafin ka biya, duba zoben murfi: na kamfani sai ka murɗa ya tsinke. Nemi lambar da na'urar kamfani ta buga a jikin jarka. Ɗiga man a farar takarda; in ya bar baƙin tabo a tsakiya ko kana jin ƙauri, an taɓa aiki da shi. Man giya na gaskiya yana da wari mai ƙarfi irin na ƙibiritu, in ba ka ji shi ba ka ajiye.

Makanikai, ina roƙonku da girman Allah, ku huda kowace jarka da wuƙa bayan juye, ku kuma buɗe sabuwa a gaban mai mota. Wanda mutumin nan ya sake zo wa, ya riƙe jarkar da lambar wayarsa ya kai wa 'yan sanda.