A rabar tun da rai, ko a ɗaure a wakafi?

Alhaji, ka tambaya wanne ya fi ga attajiri mai niyyar alheri: ya rabar da dukiyar yana raye, ko ya ɗaure ta a wakafi a riƙa cin ribarta bayan ransa. Kowace hanya akwai manyan da suka bi ta.

Chuck Feeney, Ba'amurken da ya yi arziki da shagunan Duty Free, masu sayar wa matafiya kaya ba haraji, ya kafa gidauniyar Atlantic Philanthropies a 1982. Ya rabar da sama da dala biliyan 8, aka rufe gidauniyar a 2020, shi kuma ya rasu a 2023. Tun kafin shi, wani attajirin Amurka, Julius Rosenwald, ya taimaka an gina makarantu kusan 5,000 domin yaran baƙar fata a kudancin Amurka, ya kuma gindaya sharaɗin a kashe kuɗin asusunsa kakaf cikin shekara 25 bayan mutuwarsa. A 1948 aka rufe asusun. Bill Gates ma ya sanar a 2025 cewa gidauniyarsa za ta rufe a ƙarshen 2045.

Hujjar mutanen nan tana da nauyi. Yaron da ba shi da aji bana ba zai tsaya yana yaro har riba ta taru ba. Cuta irin shan inna, wadda za a iya kawar da ita gaba ɗaya, kuɗi mai yawa take so a lokaci guda, domin in ana ɗiga mata kaɗan-kaɗan sai ta lafa ta sake tashi. Ga shi mai dukiyar yana gani da idonsa, in aka yi ba daidai ba ya gyara. Hadisi ma ya fifita sadakar da mutum ya yi yana da lafiya, yana son dukiyarsa, a kan wadda ya jinkirta har rai ya zo maƙogwaro.

Shi kuwa wakafi, asalinsa sananne ne a wurinmu. Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibara, Manzon Allah (SAW) ya ba shi shawarar ya tsare asalin, ya yi sadaka da amfanin: ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Turawa ma suna da irinsa. Gidauniyar da Andrew Carnegie ya kafa a 1911 har yau tana ba da tallafi, kuma dokar Amurka ta tilasta wa irin waɗannan gidauniyoyi su fitar da kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu duk shekara, don kada a jibge kuɗi da sunan taimako. Wannan hanya ta dace da buƙatar da ba ta ƙarewa: albashin malamai, maganin asibiti, gyaran famfon burtsatse. Gini dai kowa na son yi, amma wa zai biya mai gadi bayan shekara goma?

Inda wakafi ke tuntuɓe shi ne hannun mai kula da shi, kuma wannan ne ya fi damuna. Mai dukiya ya rasu, amintattu su tsufa, takardu su ɓace, magada su fara kallon gidan haya da sabon ido. Sai kuma darajar kuɗi. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin 100, don haka wakafin da aka bari a tsabar naira narkewa yake yi ko ba wanda ya taɓa shi. Shago, gona ko hannun jari sun fi jure wannan.

A ganina kaso mafi tsoka ya fita tun mutum na raye, zuwa ga abin da jinkiri ke ɓatawa. Wakafin kuma a yi shi daidai girman abin da aka gina, yadda kuɗin haya zai riƙe makarantar ko asibitin, kuma ya fara aiki a gaban mai shi, da rajista, da shaidu, da sanin iyali. Kada a bar shi sai a wasiyya, domin wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya sai magada sun yarda, alhali wanda ya yi wakafi yana cikin ƙoshin lafiya wannan iyaka ba ta hau kansa ba.