Gwajin fitsari kafin magani: sharhi kan wani ƙaramin asibiti a Aboabo

Wannan sharhi na 'yan'uwana mata ne na Zongon Kumasi waɗanda ke fama da zafin fitsari, suna ta sayen ƙwayoyi a shagon magani ko sassaƙe a wajen masu talla, alhali ba a san abin da ke damunsu ba. Asibitin da na je ƙarami ne, mai zaman kansa, a Aboabo, kuma na yaba da aikinsu.

Kafin likitan ya rubuta komai, sai da ya tambaye ni ko akwai zazzaɓi da ciwon ƙugu, domin hakan na iya nuna cewa cutar ta haura zuwa ƙoda, ko ina da ciki, ko ina da ciwon suga, ko na taɓa ganin jini a fitsari. Ya bayyana mini cewa ga wanda ya saba shiga ruwan Tafkin Volta ko rafin ƙauye, jini a ƙarshen fitsari na iya zama tsargiya, wadda maganinta daban ne, wato praziquantel. Da zan ba da fitsarin da za a gwada, ma'aikaciyar ɗakin gwaji kuma ta ce mini, "Hajiya, ki zubar da na farko, ki tari na tsakiya," abin da ban taɓa jin wani ya yi mini bayaninsa ba.

Gwaji biyu aka yi. Na farko ya fito nan take, na biyu kuwa sai da aka bar ƙwayar cutar ta yi girma a ɗakin gwaji, aka gane ko wace ce, sannan aka gwada ta da magunguna. E. coli ce, wadda ke fitowa daga hanji, kuma ita ce ta fi haddasa ciwon mafitsara, musamman ga mata saboda gajartar hanyar fitsarinmu. Sakamakon ya nuna ciprofloxacin, wanda mutane ke yawan saye ba tare da takardar likita ba, ba ya kashe irin wadda ta kama ni. Aka ba ni nitrofurantoin, ana sha da abinci, aka gargaɗe ni cewa fitsari zai iya yin duhu, kuma kada in daina sha don zafin ya lafa. Na samu sauƙi sosai, alhamdulillahi.

Ƙorafina biyu ne. Katina na inshorar lafiya, wato NHIS, bai ɗauke kuɗin gwaji na biyu a wurin ba, sannan banɗakinsu guda ne ga maza da mata, wanda ba ƙaramin takura ba ne ga mace mai riƙe da kwalbar gwaji.

Likitan ya ƙara da cewa idan ciwon sanyi na saduwa ne, dole a yi wa miji da mata magani tare, idan kuma zafin ya riƙa dawowa, zai tura ni Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye a binciki ƙoda da mafitsara.