Masu bin gurbi a makarantun kwana na kuɗi: ina amfaninsu yake, ina kuma asarar take?

Da zarar makarantun kwana na kuɗi sun fara fitar da sakamakon jarrabawar shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, wasu cibiyoyin lesin a cikin garin Katsina sukan ƙara wani aiki a kan wanda aka san su da shi, wato bin gurbi ga yaron da sunansa ya faɗa jerin jira, ko sahu na biyu. Yaron ya ci jarrabawa, ba a ce masa a'a ba, amma ba a ba shi gado ba. Iyaye suna cikin zullumi, Satumba tana ƙaratowa, sai ga mai cewa a bar masa komai. Wannan aikin ne za mu duba, ba tare da kama sunan wata cibiya ba, domin tsarinsu kusan iri ɗaya ne.

Hukuncinmu tun daga farko shi ne: sashen aikinsu da ya shafi takardu, bibiya da shirya yaro yana da amfani, kuma ga wasu iyaye ya cancanci kuɗinsa. Sashen da suke kira "hanya" kuwa cinikin biri a sama ne, kada a ba da ko sisi a kansa.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda jerin yake motsi. A makarantar kwana, gado ne yake yanke hukunci, ba kujerar aji ba. A ɗauka makaranta tana da gado 60 na maza da 60 na mata a aji ɗaya. Za ta aika wa waɗanda suka fi maki takardar ba da gurbi, ta sa musu wa'adin biyan kuɗin karɓar gurbi, wanda yawanci ba a mayarwa. Sauran da suka haye makin da aka yanke su ne 'yan jira. Babu gurbin da zai buɗe sai wani daga sahun farko ya saki nasa, kuma idan yarinya ce ta saki, gadon ɗakin mata ne ya buɗe. Bai amfani mai ɗa namiji da komai ba ko da shi ne na ɗaya a jerin. Iyaye da yawa a nan suke fara zargin an yi musu coge, don sun ji an kira 'yar maƙwabci wadda makinta bai kai na ɗansu ba.

Sakin gurbin nan yana da lokutansa. Na farko shi ne kwanakin da suka biyo bayan cikar wa'adin kuɗin karɓar gurbi. Yaran da suka fi ƙoƙari sukan zauna jarrabawar makarantu biyu ko uku, su ci duka, iyayensu su zaɓi ɗaya. Na biyu shi ne lokacin da aka nemi cikakken kuɗin zangon farko da na kayan sawa da littattafai, wajajen watan Agusta. A nan ne uba yake buga lissafi ya ga abin ya fi ƙarfinsa, musamman idan a daidai lokacin sunan yaron ya fito a kwalejin tarayya kamar ta Daura, ko ta 'yan mata da ke Bakori. Na uku shi ne makonni biyun farko bayan an koma makaranta, lokacin da ake gane waɗanda suka biya amma ba su zo ba. A wannan yankin akwai ƙarin dalili: tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020, iyaye da dama sukan canja shawara a ƙurarren lokaci saboda nisa ko yanayin hanya, su mayar da yaro makarantar da ke cikin gari. Hakan yana buɗe gurabe a makarantun nesa, yana kuma ƙara cunkoso a na cikin Katsina.

Duk cikin waɗannan babu wanda mai cibiya yake da iko a kansa. Ba shi ne zai hana wani uba biyan kuɗi ba. Abin da zai iya shi ne ya tabbatar cewa ranar da gado ya buɗe, fayil ɗin ɗanka cikakke ne, wayarka tana shiga, kuɗinka kuma suna hannu.

A nan ne cibiyoyin kirki suke cin kuɗinsu da halal. Aikin farko da suke yi shi ne binciken fom ɗin da aka cike tun farko, kuma abin da ake tararwa yana da ban takaici. Sau da yawa a shagon intanet aka cike shi, mai shagon ya sa lambar wayarsa da adireshin imel ɗinsa. Makaranta ta kira ko ta tura saƙo, ba wanda ya sani, bayan kwana biyu ko uku ta wuce kan na gaba. Wani lokacin sunan ne ya sha bamban: Muhammad a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, Mohammed a katin NIN, Mamman a takardar firamare. Ko ranar haihuwa ta saɓa tsakanin takardu biyu. Rajistara mai fayil ɗari a gabansa ba zai tsaya warware wannan ba. Cibiya mai sanin aikinta takan sa a gyara bayanan a rubuce, a ba da lambar waya biyu, ta uba da ta uwa ko ta wani baffa mai ɗaukar waya, sannan ta haɗa fayil na biyu a ajiye a gida: kwafin takardar haihuwa, sakamakon aji biyar da na aji shida zango-zango, takardar shaida daga shugaban firamare, hotunan fasfo aƙalla takwas, da rahoton asibiti mai nuna rukunin jini da gwajin sikila. Rahoton asibitin nan a yi shi tun ana jira. Idan aka bari sai an kira, kwanakin da aka bayar a layin asibiti za su ƙare.

Aiki na biyu shi ne wasiƙar nuna cewa har yanzu ana so. Shafi ɗaya ya isa, da Turanci mai sauƙi, zuwa ga shugaban makaranta ta hannun rajistara. A rubuta cikakken sunan yaro da lambar jarrabawarsa a sama, a faɗi ƙarara cewa idan aka ba da gurbi za a karɓa kuma za a biya cikin kwanakin da aka yanke, sannan a ƙara sabon abin da ba ya cikin fom ɗin farko. Sakamakon zango na uku, makin jarrabawar shiga kwalejojin tarayya da NECO take shiryawa, takardar gasar lissafi irin wadda makarantun kuɗi na NTIC (Nigerian Tulip International Colleges) suke shiryawa duk shekara, ko shaidar musabaƙa da yawan izun da yaro ya haddace idan makarantar tana haɗa boko da haddar Alƙur'ani. Aibin da muka fi gani a nan shi ne cibiya ta rubuta wasiƙa ɗaya ta riƙa canja suna kawai. Idan yara shida daga Katsina suka kai wa makaranta ɗaya wasiƙa mai kalmomi iri ɗaya, ba wadda za a karanta da muhimmanci. Uba ya karɓi daftarin, ya sa abin da ya shafi ɗansa, ya sa hannu da kansa.

Kuma in da hali shi zai kai ta, domin zuwa da kai ya fi aike. Makaranta da iyaye take son hulɗa, ba da ɗan tsakiya ba, kuma rajistara yakan tuna fuskar uban da ya zo cikin mutunci ya yi tambaya mai ma'ana. Tambayoyin ba su da yawa: shin jerin bisa maki aka jera shi ko tari ne da ake zaɓa daga ciki? Na nawa ne yaron a ɓangaren maza ko mata? Yaushe wa'adin sahun farko zai cika? Idan an kira, kwana nawa ake bayarwa? Bayan haka kira ɗaya a mako biyu ya wadatar, sai a ƙara ɗaya washegarin cikar wa'adi. Magana gajera ce: "Salamu alaikum, Malam, ni ne mahaifin wane mai lamba kaza, ina tunatarwa ne cewa muna nan muna jira, kuma a shirye muke." Kiran safe da yamma gundura yake jawowa. Haka ma tara manya su yi ta bugo wa shugaban makaranta waya. A makarantar da take ji da sunanta wannan yakan sa a ɗauki iyayen a matsayin masu wahalar sha'ani tun kafin yaro ya shigo.

Shirya yaro kuwa ya danganta da makarantar. Wasu sukan kira 'yan jira ganawa ko ɗan gajeren gwaji kafin su cike guraben. Idan haka ne, lesin na awa ɗaya zuwa biyu a rana yana da amfani, a mai da hankali kan lissafin da ake bayarwa cikin labari, karanta sakin layi da amsa tambaya a kansa, da rubuta ɗan gajeren insha'i. Yaranmu da yawa sun iya amsa a takarda, amma idan baƙo ya yi musu tambaya da Turanci sai su sunkuyar da kai, don haka aka tarbiyyantar da su a gaban manya. Malamin kirki zai koya wa yaro ya ɗaga murya ya amsa da cikakkiyar jimla ba tare da ya zubar da ladabinsa ba. Za a kuma iya tambayarsa ko ya iya wankin kayansa, ko ya taɓa kwana nesa da gida, ko shi ne yake son makarantar kwana ko tilasta masa aka yi. Haddatattun amsoshi nan take ake gane su. Idan kuwa makarantar ba ta sake gwaji, kuɗin lesin don jerin jira asara ne, sai dai a biya shi da niyyar share fagen aji ɗaya.

Sai maganar "hanya". Yadda ake gabatar da ita kusan ɗaya ne: akwai mutuminmu a ciki, a kawo kaza, in bai yiwu ba a mayar da rabi. A lura da lissafin. Mai cibiya ya karɓi kuɗi daga iyaye goma. Jerin ya motsa da kansa, yara uku suka samu, ya riƙe kuɗinsu duka ya kuma samu sunan mai hanya. Sauran bakwai ya mayar musu da rabi ya riƙe rabi, alhali bai yi komai ba. Wanda ya fi wannan muni shi ne saƙon waya ko na WhatsApp mai cewa an ba yaro gurbi, a tura kuɗi yau-yau zuwa wani asusu mai sunan mutum. Kuɗin makaranta asusun makaranta ake biya, mai ɗauke da sunanta, bayan an riƙe takardar ba da gurbi mai hatimi, an kuma tabbatar ta lambar wayar da ke jikin fom na asali. Rasit daga ofishin kuɗin makaranta ake karɓa. Duk cibiyar da ta ce a biya ta hannunta, a tattara takardu a bar wurin.

Akwai abin da cibiyoyin ba sa son faɗa don yana rage musu ciniki, shi ne cewa jira yana da kuɗinsa. Mai hankali ba ya zama jiran gawon shanu. Yakan kama gurbi a makaranta ta biyu ya biya kuɗin karɓa, ya sani cewa idan ta farko ta kira, wannan kuɗin ya tafi. Abin da za a jinkirta shi ne cikakken kuɗin zango, ɗinkin yunifom da sayen littattafai, gwargwadon yadda makaranta ta biyu ta yarda. A tambaye ta a rubuce nawa take mayarwa idan an janye kafin a koma da kuma bayan an koma. Iyali su yanke wa kansu rana, misali ƙarshen mako na biyu bayan komawa makaranta, wadda daga ita an rufe maganar. Yaron da ya riga ya saba da ɗakin kwanansa da abokansa, cire shi a tsakiyar zango ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, kuma shi ma a ji ta bakinsa.

Sukan kuma kwantar wa iyaye hankali da cewa in bai samu bana ba, sai ya shiga a aji biyu. Wannan ba ko'ina ba ne. Kwalejin Loyola Jesuit da ke Abuja, alal misali, a aji ɗaya kawai take ɗaukar ɗalibai. Wasu makarantun kuma sukan buɗe ƙofa a aji huɗu, bayan jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, lokacin da wasu ɗalibai suke canja makaranta. A tambayi makarantar da kanta, ko ta nan Katsina ce irin Ulul Albab, ko ta Kano, Zariya, Kaduna ko Abuja, kada a dogara da faɗar ɗan tsakiya.

Wa ya kamata ya biya kuɗin wannan aikin? Uban da ke aiki nesa da gida, ko wanda rubuta wasiƙar Turanci da bin takardu ke ba shi wahala, ko mahaifiyar da take riƙe da marayu ba ta da mai yi mata zirga-zirga, waɗannan za su amfana ƙwarai. Wanda yake da lokaci kuma ya saba da ofis zai iya yin komai da kansa cikin kwana biyu, ya biya lesin kawai idan akwai gwaji na biyu. Ga wanda zai biya, ya nemi a rubuta masa abin da kuɗin ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, ya biya rabi a farko, rabi bayan an miƙa wasiƙa an dawo masa da kwafi mai hatimin karɓa. Kada ya bar takardun asali a cibiya, kwafi ya isa. Lambar wayar da ke cikin fayil ɗin makaranta kuma ta zama tasa, ba ta mai cibiya ba, ya duba da idonsa kafin a miƙa.